Wai, da Mutanen 1381

Kakata ba ta karɓar labari sai da wai ɗinsa. In ka shigo da gudu ka ce ɗan gidan wane ya saci kaza, sai ta ɗago kai daga faifan da take tsintar shinkafa ta ce, "A kan idonka?" In ka ce a'a, sai ta ce, "To koma zaure ka ɗauko wai ɗin da ka yar." Tilas ka sake daga farko: wai ɗan gidan wane ya saci kaza. Sannan ne za ta saurare ka. Haruffa uku ne tak, amma suna raba bakinka da bakin wanda ya gaya maka, suna kuma bar wa yaron nan 'yar ƙofar da zai bi ya fita in ba shi ya ɗauka ba.

Ita nake ta tunawa tun da na dulmiya cikin labarin mutanen da aka gurfanar a Ingila bayan boren shekarar 1381. Wat Tyler da John Ball, jagororin boren, duk wanda ya leƙa tarihin ƙasar ya ji sunansu. Waɗanda suka riƙe ni su ne sauran, dubbai, waɗanda ba za mu san sun taɓa zama a duniya ba in ba don wani ya rantse cewa sun aikata abu kaza ranar kaza ba. Sunayensu na nan kwance a kan fatun tumaki da aka jeme aka nannaɗe, akasarinsu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, a Landan.

Ga ɗaya daga ciki. Johanna Ferrour, matar aure ce daga garin Rochester a yankin Kent. Takardar kotun sarki ta ce ita ce shugabar wani babban gungun 'yan bore, ta ja su ranar 13 ga Yuni suka ƙona fadar Savoy, gidan John na Gaunt, baffan sarki. Ta ce ta ɗauke akwati mai ɗauke da kuɗi sama da fam 1,000, ta sa shi a kwalekwale ta haye kogin Thames zuwa Southwark, can aka raba zinariyar. Ta ce washegari ta shiga Hasumiyar Landan, ta sa aka jawo Simon Sudbury, babban limamin Canterbury wanda kuma ya riƙe hatimin sarki har zuwa kwanakin boren, tare da ma'ajin ƙasa Robert Hales, ta ba da umarni a sare kawunansu. Mace guda, kwana biyu, manyan ayyukan boren duka a wuyanta. Amma marubutan tarihin zamanin, waɗanda suka ba da labarin kwanakin nan filla-filla, babu ko ɗaya da ya ambaci sunanta, kuma babu takardar da ta nuna an same ta da laifi. Ɗaya daga cikinsu, Henry Knighton, cewa ma ya yi masu ƙona Savoy sun hana sata, har suka jefa wani cikin wuta don ya ɓoye azurfa a jikinsa. To akwatin fa? Baki biyu ne, kowanne da labarinsa, ita kuwa mai sunan ba mu ji ko tarinta ba.

Adalcin da zan yi wa magatakardan kotun shi ne bai yar da wai ɗinsa ba. Takardar tuhuma ta wancan zamani takan fara da cewa masu rantsuwa sun ce. Sau ɗaya ake rubuta shi, can sama, sai jimla ta miƙe doguwa da rana da wuri da adadin kuɗi, kafin ka kai ƙarshenta ka manta da farkonta. Rana da adadi suna da wani ƙarfi a kunnen mutum: wanda ya ce maka "ranar Alhamis, fam dubu" ya fi saurin shiga ranka da wanda ya ce "kwanakin baya, kuɗi masu yawa", ko da dukansu biyu ji suka yi. Daga nan labari ya bi hannu hannu shekara ɗari shida da 'yan kai, wai ɗin ya faɗi a hanya, yau sai ka karanta cewa Johanna ta jagoranci shiga Hasumiya, a miƙe, kamar marubucin yana tsaye a bakin ƙofa. Ni ma raina yana so ya zama haka ne, don mace mai irin wannan zuciya abin sha'awa ce. Son raina ba shaida ba ne.

Abin da ya kai ga kwanakin nan ba boyayye ba ne. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kwashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Ingila. Hannun aiki ya yi ƙaranci, lada ya tashi, sai masu ƙasa suka sa aka kafa dokar 1351 wadda ta ɗaure lada a inda yake kafin annoba. Ga yaƙi da Faransa yana cin kuɗi ba nasara. Cikin shekara huɗu aka ɗora harajin kai har sau uku. Na 1377 kwabo 4 ne a kan kowane baligi. Na ukun, wanda majalisa ta amince da shi a ƙarshen 1380, sule guda ne, kwabo 12, a kan duk wanda ya haura shekara 15, ladan kwana uku ko huɗu na ɗan ƙwadago, kuma in kana da mata da 'ya'ya manya sai ka ninka. Dattawanmu da suka ga zamanin haraji da jangali, kafin a soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979, sun san abin da gida ke yi in mai ƙirga ya doso. Haka aka yi can: kusan sulusin mutanen da ke cikin rajistar 1377 suka ɓace daga ta 1381. Aka aika masu bincike su tono su. Ranar 30 ga Mayu, a Brentwood cikin yankin Essex, mutanen ƙauyen Fobbing da maƙwabtansu suka ce wa wakilin sarki John Bampton sun biya, ba za su ƙara ba, suka kore shi.

Sauran ya tafi da sauri. Mako biyu bayan haka suna cikin Landan. Ranar 14 ga Yuni a Mile End, Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya amince a 'yanta duk talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa, aka rubuta takardun 'yanci da afuwa da hatimi, mutane suka kama hanyar gida da su. Washegari a Smithfield magajin garin Landan, William Walworth, ya sari Wat Tyler. Ranar 2 ga Yuli sarki ya soke takardun baki ɗaya. Ina yawan tunanin mutumin da ya isa ƙauyensu da fatar nan a ƙirjinsa, bai iya karanta ta ba amma ya ga hatimin, ya nuna wa matarsa, sannan kafin a yi girbi aka ce masa kalmomin cikinta sun mutu.

Mutanen nan sun san sharrin rubutu. Duk inda suka bi, takardu suke nema kafin dukiya: kundin kotun ubangida inda aka rubuta wane ɗaurarre ne tun daga kakansa, da takardun baitulmali masu hatimin koren kaki. An ƙirga wurare sama da 100 da aka ƙona irin waɗannan. A Cambridge wata tsohuwa, Margery Starre, an ce ta riƙa watsa tokar takardun jami'a cikin iska tana tsine wa ilimin magatakarda. Sun ɓoye sunansu daga rajistar haraji, sun ƙona kundin da ya ɗaure su, sai ga wani kundi na uku ya kama sunan, kuma shi ne ya rayu. Da Ingilishi suke magana, kotu kuwa da Latin take rubutu, ko bayan dokar 1362 da ta ce a riƙa shari'a da harshen ƙasa. Duk abin da mutum ya faɗa a gaban alƙali sai an juye shi cikin harshen da ba ya ji, an zuba shi a mazubin da aka riga aka ƙera.

Dubi sunan da aka ba abin da kansa. Mu a Hausa muna da tsani: hayaniya, yamutsi, tarzoma, bore, tawaye, can ƙololuwa juyin juya hali. Kowane mataki hukunci ne, kuma wanda ya zaɓi matakin ya gama rabin shari'a. Takardun kotun Ingila sukan ce abu kaza ya faru a lokacin rumor, kalmar da a bakinsu take nufin hayaniya da ruɗani, wadda a Ingilishin yau ta koma nufin jita-jita. Hayaniya ba ta da buƙata, ba ta da hujja, ƙara ce kawai. Mutanen da suka tsaya gaban sarki suka zayyana cewa a kawar da ɗaurin gona, a tsayar da kuɗin haya kwabo 4 a kan kowace eka, a bar kowa ya yi ciniki ya kama aikin da ya yarda da shi, an naɗe duk wannan a kalma ɗaya mai nufin surutu. Sunan da aka fi sani yau, boren manoma, daga baya ya zo, littafin tarihi na John Richard Green na 1874 ne ya kafa shi a bakin masana.

Shi ma sunan bai rufe su duka ba. Masanin tarihi Christopher Dyer ya bi sunayen waɗanda aka tuhuma ya nemo su a kundin ƙauyukansu, ya tarar da yawansu masu riƙe da muƙaman ƙauye ne: wakilin gona, mai tsaron doka, mai zaman rantsuwa a kotun ubangida. Wato mutanen da gari ke sauraro in sun yi magana. Thomas Sampson na Suffolk yana da tumaki wajen 300 da kaso a cikin wani jirgin ruwa. A Norfolk har da barde mai sarauta, Roger Bacon, ga kuma jagoransu Geoffrey Litster, marini, wanda sunansa ma ma'anarsa ke nan. Da yawa sana'arsu tana rataye a sunansu kamar yadda muke cewa wane Maƙeri ko wane Dukawa: Baker mai gashin burodi, Tyler mai rufin gida, Ferrour maƙerin takalmin doki.

Su da bakinsu, jama'ar gaskiya suke kiran kansu. In suka tare mutum a hanya sukan tambaye shi da wa yake, amsar da za ta fisshe shi ita ce yana tare da Sarki Richard da jama'ar gaskiya. Da tutar sarki suka yi tafiya. Sudbury da Hales da John na Gaunt su ne suke kira maciya amana. Da ƙura ta lafa, kalmar nan ɗaya aka juyo musu, aka rubuta a gefen kowane suna cewa da cin amana ya aikata. Kalma guda, bakuna biyu, wanda ya rage da takobi a hannu shi ya tsayar da ma'anarta. Marubutan gidajen zuhudu kuwa, irin su Thomas Walsingham na St Albans, ƙauyawa suke ce musu, mawaƙi John Gower ya siffanta su da jakuna da shanu da karnuka da suka haukace. Akwai kalmar Latin villanus, asalinta mutumin gona, ita ce sunan ɗaurarren talaka a doka. Jikarta a Ingilishin yau, villain, mugu take nufi, irin wanda ake tsana a fim. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don mu ma mun yi wa baƙauye haka. Kalma ce da ya kamata ta faɗi inda mutum yake zaune kawai, muka mai da ita zagi, alhali daga hannunsa tuwonmu ke fitowa.

A Hausa aikatau ɗaya ne ke yin aiki biyu. Kana zarga wa akuya igiya a wuya, kana zargin mutum da sata. Zarge shi ne madaukin da ke ƙara matsewa in an ja. Duk wanda ya fara ɗora kalmar a kan magana ya san abin da yake faɗa: zargi ba ya jiran a tabbatar kafin ya fara shaƙewa, kuma in wanda aka zarga ya yi fizge-fizge sai ya ƙara kama shi. A Ingilar 1381 tazarar da ke tsakanin ma'anonin biyu kwanaki ne. Thomas Baker na Fobbing an rataye shi a Chelmsford ranar 4 ga Yuli. John Ball an kashe shi a St Albans ranar 15 ga wata, aka raba gawarsa huɗu.

Su wa ke riƙe da ɗaya bakin igiyar? Maƙwabta. Ana tara mutum 12 daga gari ko gunduma a rantsar da su, a ce su kawo sunaye. Walsingham da kansa, wanda ba ya ƙaunar 'yan boren, ya ba da labarin abin da ya faru a garinsu. Mutanen St Albans sun daɗe suna rigima da gidan zuhudun da ke mulkinsu a kan niƙa: doka ta tilasta kowa ya kai hatsinsa injin shugaban gidan ya biya. Shekara hamsin kafin boren an ƙwace duwatsun niƙa na hannu daga gidajen mutane aka shimfiɗe su a daɓen wani ɗaki, ana takawa. A watan Yunin 1381 mutanen gari suka shiga suka ɓamɓare su, suka farfasa, suka rarraba wa juna gutsure gutsure kamar yadda ake raba gurasa mai tsarki a coci. Duk macen da ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa da asuba ta san abin da ke cikin gutsuren nan. Da sabon alƙalin alƙalai Robert Tresilian ya iso, masu rantsuwa suka ƙi ba da sunan kowa. Sai ya matsa musu da barazana har suka bayar, ya kira rukuni na biyu ya nuna musu abin da na farko suka faɗa, ya kira na uku haka, kowanne ya tabbatar. Aka rataye mutum 15, cikinsu har da William Grindcobbe wanda ya jagoranci mutanen gari. A kan fata, abin da za ka gani shi ne mutane sun rantse sun ce. Tsoron da ke cikin ɗakin bai hau fata ba.

Wani zargin kuwa tsohuwar gaba ce ta sami sabuwar riga. A 1382 aka tuhumi wasu dattawan majalisar birnin Landan, cikinsu da John Horn da Walter Sibil, cewa su suka buɗe wa 'yan bore gada da ƙofa. Shekaru aru aru ana maimaita wannan a matsayin tarihi, sai daga baya masana suka lura cewa tuhumar ta fito ne lokacin da ɓangaren abokan hamayyarsu ke riƙe da birnin, kuma kotu ta wanke su. John Wrawe, limamin cocin da ya jagoranci boren Suffolk, da ya ga mutuwa sai ya yi ta zubo sunayen abokan tafiyarsa da fatan ya tsira, bai kuwa tsira ba, an kashe shi a 1382. Da yawa kuma sun ce tilasta musu aka yi, an tsaya a ƙofar gidansu an ce su fito ko a sa wuta. Wasu gaskiya suka faɗa, wasu kuwa ita ce ƙofar da ta rage.

Wai ba ya wanke jini, kuma ba na so a ɗauka haka nake nufi. An sare kan Sudbury, ƙoƙon kansa yana nan har yau a wani coci a garin Sudbury, inda ya samo sunansa. An sare kan alƙalin alƙalai John Cavendish a Lakenheath, inda aka ce wata mata, Katherine Gamen, ta tura kwalekwalen da zai tsere da shi cikin ruwa. Mafi muni, ranar 14 ga Yuni a Landan aka bi baƙi 'yan Flanders, masaƙa da 'yan kasuwa, aka jawo wajen 35 daga cikin wani coci aka kashe su a titi. Wani kundin tarihin birnin ya ce da kalma aka riƙa gane su: a ce mutum ya faɗi burodi da cuku, in harshensa ya karkata zuwa na garinsu, shi ke nan. Mutanen da ke neman a daina yi musu hukunci da sunan da aka haife su da shi, wasunsu sun kashe wasu a kan lafazi. Wani ne ya riƙe gatarin. Abin da wai ke tambaya shi ne ko wannan da aka rubuta sunansa ne.

Majalisar da ta zauna a ƙarshen 1381 ta yi afuwa ta bai ɗaya, amma ta ware sunaye 287 da afuwar ba ta shafa ba, fiye da rabinsu 'yan Landan. Sauran jama'a suka yi ta zuwa suna biyan kuɗi suna karɓar takardar afuwa da sunansu, wanda ya yi da wanda bai yi ba, don kada wata rana wani mai jin haushinsu ya tuna da su. Saboda haka ko jerin waɗanda aka yafe wa ba jerin masu laifi ba ne.

Akwai mutum ɗaya da na kasa ajiyewa. John Shirle, daga yankin Nottingham. Ba a ce ya ƙona gida ba, ba a ce ya ɗauki akwati ba. An ce mai yawo ne daga gunduma zuwa gunduma a lokacin hayaniyar, yana ɗauke da ƙarairayi da zantukan banza. A watan Yuli, bayan an gama da John Ball, yana zaune a wata mashaya a titin gada cikin Cambridge, sai ya ce Ball mutumin kirki ne mai gaskiya, zalunci aka yi masa don ya faɗi irin danniyar da ake yi wa talakawa, kuma wakilan sarki da alƙalansa sun fi shi cancantar igiya. Wasu da ke wurin suka kai magana. Aka kawo shi gaban alƙalai, aka karanta masa abin da aka ce ya ce. Ƙofar nan ta kakata a buɗe take gabansa: yana iya cewa ji ya yi a hanya, yana iya cewa giya ce. Takardar ta ce bai musa ba. Aka rataye shi, aka umarci jami'in sarki ya bincika ko ya bar gona ko kaya da za a ƙwace.